Tsohuwar Wayar da ke Durowar Inna

Shekara tara muka yi ofis ɗaya da Inna, tsakanin teburina da nata taku uku, kuma shida daga cikin shekarun nan dariya nake mata. Gara in faɗa da bakina tun yanzu kafin wani ya riga ni.

Abin dariyar kuwa waya ce. Duk ranar Litinin, kafin ta cire mayafi, kafin ma a ɗora ruwan shayi, sai ta buɗe durowar ƙasa ta hagu, ta ciro wata tsohuwar waya baƙa mai maɓallai, wadda aka ɗaure bayanta da roba don kada batirin ya zubo. Ta hure ta, ta goge fuskarta da gefen zani, ta kira 'yarta. Hirar ba ta taɓa wuce minti ɗaya ba. "Kun tashi lafiya? Ya yaran? To madalla. Layin nake motsawa." Shi ke nan. Ta sa ta a caji har tsakar rana, ta mayar da ita durowa, ta murɗa makulli.

Ranar da na fara gani na ce, "Inna, wannan ai ta girme ni. Ki bari in saya miki mai shafawa."

Ta ɗaga wayarta ta hannu, sabuwa fil, ta nuna mini. "Ina da mai shafawa, Uwar Baki. Waccan ba tawa ba ce."

"To ta wa?"

"Ta ƙungiya."

Daga ranar sunan Uwar Baki ya bi ni, ni ma na raɗa wa wayar suna Kaka. In baƙo ya zo sai in ce ya gaida Kaka kafin ya zauna.

Ƙungiyarmu ta masu ba da jini kyauta ce. Aikin ba wuyar bayani: wanda ɗan'uwansa ke kwance yana buƙatar jini sai ya shiga shafinmu na intanet, ya rubuta asibitin da rukunin jinin, saƙon ya faɗo kwamfutata, ni kuma in duba jerin mutanenmu in fara kira har wani ya ce ga shi nan zuwa. Ofishin ɗaki biyu ne a saman shagon mai katifa, matakala goma sha bakwai, da fanka ɗaya mai ƙara kamar ana niƙa. Ba kowa ya san ofishin ba, kuma ba sai an san shi ba. Sunan shafin shi ne ƙofarmu. Yana jikin katin kowane mai ba da jini, yana manne a bangon ɗakunan jira na asibitoci, yana bayan motocin haya. Akwai ma'aikatan jinya da suka haddace shi fiye da lambar mazajensu.

Inna ita ce sakatariya. Kafin ta zo nan ta yi shekara ashirin da biyu tana buga takardu a ofishin wata makaranta, da tafireta, shi ya sa har yau in tana rubutu a kwamfuta dukan maɓallan take yi, haruffa sun goge sai ita kaɗai ta san inda suke. Tana da halaye biyu da duk wanda ya yi aiki da ita ya sani. Na farko, ba ta ajiye takarda sai ta karanta ta har ƙarshe, ta juya bayanta ta duba. Ko takardar da ake cusowa cikin kwalin magani ce sai ta kai ƙarshenta. Na biyu, makullai. Tana da tarin su a igiyar takalmi, kowane da ɗigon jan farce kala daban, kuma ba ta yarda a ce ƙofa tana nan ba a san wanda ke riƙe da makullinta ba.

Mijinta mai gyaran agogo ne. Sau ɗaya tak ta ba ni labarinsa, wata rana da ruwa ya hana mu tashi. Mota ce ta buge shi a ƙofar shagonsa, likita ya ce a nemo jini leda biyu. Ta bi gida-gida, daga gidan yayanta zuwa na ƙanen mijinta zuwa na maƙwabta, wannan nasa bai dace ba, wancan tsoro yake ji. Lokacin da ta dawo da wanda ya dace, an riga an ja wa mijin mayafi har kai.

"Daga baya na ji," in ji ta, "akwai wani tela layi biyu da asibitin, jininsu ɗaya, kuma mutum ne da ba ya ƙin taimako. Yana zaune yana ɗinki duk yinin nan. Ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba ne kawai."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta miƙo mini hankici ta ce in daina jiƙa mata fayil.

Yadda wayar ta shigo labarin, wanda ya gina mana shafin ne ya ba ni, ƙanen matar Shugaba, wanda kowa ke kira Injiniya. Shekara uku kafin zuwana ya zo da kwamfutarsa ya nuna wa kwamiti shafin, aka yi ta tafi. Inna kaɗai ba ta tafa ba. Ta ce, "Sunan nan da za mu buga a kati, wa ya ba mu shi?"

Injiniya ya ce wani kamfanin rajista ne, a wurinsu ake kama suna.

"Mun saya ke nan?"

"Ba a sayensa gaba ɗaya, Inna. Kama shi ake yi na shekara, in ta zagayo a sabunta. In ba a sabunta ba, ko aka miƙa wa wani, ya zama nasa."

"To haya ce. Ni a gidan haya aka haife ni, na san zancen. A takardar hayar, sunan wa aka rubuta?"

Ya sosa ƙeya ya ce nasa ya sa, da imel ɗinsa, don a yi sauri.

"In mai gida zai yi magana fa, wa zai kira?"

Ya ce akwai gurbin lambar waya, in za a yi wani babban canji can ake turo lambar sirri don a tabbatar. Inna ta tura masa wayar ofis ta wancan lokacin ta ce wannan za a sa. Injiniya ya rantse mini cewa don kawai ta bar shi ya tafi gida ya sa lambar.

Bayan shekara biyu aka yi wa ofis sababbin wayoyi da sabon layi mai sauƙin haddacewa. Aka jefa tsohuwar cikin kwalin tarkace tare da fashesshen agogon bango. Inna ta tsugunna ta tono ta. Ta hau mota ta je ofishin kamfanin waya, ta bi layi, ta tambayi yarinyar da ke kan tebur abin da ke faruwa da layin da aka daina amfani da shi. Aka ce mata in ya daɗe ba motsi ana karɓe shi a ba wani. Ta ce, "Wani wa?" Aka ce duk wanda ya zo saye. Daga makon nan ta fara kiran Litinin.

Ta taɓa yi wa kwamiti bayani, suka ce to, to, Allah ya saka, aka wuce batu na gaba. Ni ma ta yi mini, na ji da kunne ɗaya. A ganina tsohuwa ce ta samu abin riƙo.

Shugabanmu mutumin kirki ne, ban da shakka. Ya ba da jini sau talatin da wani abu, hannunsa duk tabon allura. Amma yana da rauni ɗaya: duk wanda ya zo masa da kwat da kalmomi masu nauyi, ya gama da shi. A shekarata ta shida aka samu irin wannan mutumin. Ya hau matakalarmu da takalmi mai ƙyalli, yana ƙamshin turare har mai katifa ya leƙo. Ya ce kamfaninsa na taimaka wa ƙungiyoyin jinƙai, zai sake mana shafi sabo dal, mai sauri, kyauta. Ya raba mana wani littafi mai sheƙi da hotunan aikinsa. Na ɗauki nawa na yi fifita da shi. Inna ta sa tabarau ta fara daga shafin farko.

Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma a tsakiyar zance ya jefa shi kamar ba komai ba: sunan shafin zai koma ƙarƙashin kamfaninsa, don su riƙa kula mana da shi, mu huta. Shugaba ya ce ai wannan gata ne. Injiniya, wanda dama ya gaji da kiranmu duk lokacin da abu ya tsaya, ya ce shi ma a sauke masa. Aka sa ranar Laraba.

Ranar Laraba da hantsi suka zauna su uku a ɗakin Shugaba, ƙofa a buɗe. Injiniya ya shiga asusun rajista da imel ɗinsa, ya danna abin da zai danna, sai na ji ya ce, "Sun turo lambar sirri. Wai zuwa wayar da ke rajista." Suka duba wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, shiru. A daidai lokacin durowar ƙasa ta hagu ta yi wani gurnani, sau biyu.

Kowa ya juyo. Inna ta ci gaba da buga wasiƙarta.

Shugaba ya fito yana dariya. "Ashe Kaka ce ke da maganar! Inna, karanto mana lambar."

Ta cire tabarau ta dubi Mai Kwat, wanda ya biyo bayansa. "Ɗana, in na karanta, a takardar rajista sunan wa zai fito a matsayin mai shi?"

"Ai Inna duk ɗaya ne, mu da ku..."

"Ban tambaye ka mu da ku ba. Sunan wa?"

"Na kamfaninmu, amma a madadinku."

"Ran da muka ce a dawo mana da shi fa?"

"Ai ba za a kai ga haka ba."

"In an kai. Akwai takarda?"

Ya ce tsakanin mutanen kirki ba a buƙatar takarda. Inna ta mayar da tabaranta ta ce to ita ba mutuniyar kirki ba ce, sakatariya ce.

Na ga fuskar Shugaba ta sauya. An yi masa haka a gaban baƙo, baƙon ma mai kwat. Ya rage murya ya ce, "Inna, kin haife ni, ba na so mu yi haka. Ni ne shugaban ƙungiyar nan. Buɗe durowar."

"Ranka ya daɗe, kai ne shugaba, ban musa ba. Amma sunan nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Yana jikin katin mutum dubu huɗu. A kira kwamiti. In suka ce in karanta, da bakina zan karanta, har in maimaita."

"Kwamiti sai ƙarshen wata! Mutumin nan ba zai jira mu ba."

"Mai ba da kyauta da ba zai iya jiran sati uku ba, sai a duba kyautar."

Shugaba ya buga tebur har kofin shayina ya yi tsalle. Ya ce in ba za ta bi umarni ba, ta ajiye makullai ta tafi gida sai an neme ta. Ni da ake kira Uwar Baki, ranar bakina ya mutu. Ina da yara uku da albashin nan nake riƙe su, na sunkuyar da kai na yi kamar ina neman wani abu a fayil. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Inna ta miƙe a hankali. Ta kwance igiyar takalmin daga jakarta ta ajiye makullan a gabansa, duka. Sannan ta ɗauki ɗaya mai ɗigon kore, ta buɗe durowa a gabansu, ta ciro wayar ta sa a jaka.

"Wannan kayan ofis ne!" in ji Shugaba.

"Ofis ya jefar da ita a kwalin shara shekara bakwai da suka wuce, ni na tsince ta. Zan kawo ta gaban kwamiti, ba zan kai ta ko'ina ba." Ta juyo wurina. "Uwar Baki, mai ɗigon ja na kabad ne. Kada ki tilasta shi, ɗagawa ake yi kaɗan."

Muka ji saukarta, matakala goma sha bakwai, ba ta yi sauri a ko ɗaya ba.

Sati ukun nan ofis ya ga ta kansa. Shugaba ya karya makulli biyu a cikin ƙofa. Takardar izinin taronmu ta ɓace, aka same ta bayan kwana huɗu a inda take tun farko. Mai Kwat ya ce akwai hanyar canza lambar wayar da ke rajista ba tare da tsohuwar ba, amma kamfanin rajista ya nemi a cike takardu a jira, shi kuwa jira ne ba ya so. Kullum sai ya kira Shugaba, muryarsa tana ƙara tsami.

Na je gidan Inna ranar Asabar ta biyu, da 'yar ledar lemo da kunyata. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, agogunan mijinta bakwai a bango, duk suna tafiya daidai. Na tarar da ita tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi. Na ce me ya samu ƙafar, ta ce yawo. Na fara ba ta haƙuri kan shirun da na yi, ta katse ni.

"Da kin yi magana da an kore mu mu biyu, wa zai ɗauki saƙon marasa lafiya? Zauna. Kin karanta littafin mutumin nan?"

Na ce na duba hotuna.

Ta ciro nata daga ƙarƙashin matashi. A bango na baya, can ƙasa, da ƙananan haruffa irin waɗanda ba a yi su don a karanta ba, akwai jerin ƙungiyoyi shida da ya ce ya yi wa aiki. Ta sa wa kowace alama da biro. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya a motar haya, da ƙafa inda mota ba ta shiga. Biyu ba ta same su ba sam. Uku sun ce lafiya lau suke da shi zuwa yanzu, kuma ta rubuta hakan yadda suka faɗa. Ta shida ƙungiyar iyayen yara masu ciwon sikila ce.

"Sakatarensu zai zo ranar kwamiti," in ji ta. "Ba zan faɗa miki komai ba, ki ji daga bakinsa. Ɓare lemon nan, ba ado kika kawo ba."

Ranar kwamiti mutum goma sha ɗaya suka cika ɗakin Shugaba, wasu a kan kujerun da aka aro daga mai katifa. Mai Kwat ya aiko cewa wani uzuri ya taso masa. Inna ta shigo da wani dattijo siriri mai rungume da fayil. Ya gaishe da kowa, ya ce shi ba mai iya magana ba ne, a ba shi kwamfuta kawai. Ya rubuta sunan shafin ƙungiyarsu, wanda suka yi shekara takwas da shi. Shafi ya buɗe da tambarinsu da hoton yaransu, amma a tsakiya an rubuta cewa duk mai neman taimako ya fara tura kuɗin rajista zuwa wani asusu.

"Ba asusunmu ba ne," in ji dattijon. "Mun saɓa da mai kwat ɗin nan bara, muka ce ya dawo mana da sunanmu, ya ce a takarda nasa ne. Muna ta shari'a. Mun kama sabon suna, amma tsohon ne a jikin katunan asibiti. Har jiya wata uwa ta zo mini da shaidar ta tura kuɗi, tana tambaya yaushe za a kira ta."

Na dubi kwamfutata ta ƙofa, na tuna irin saƙonnin da ke shigo mini, na mutanen da nasu ke kwance a gadon asibiti. Da an ce su tura kuɗi kafin a nemo musu jini, wallahi turawa za su yi, kuma da sunanmu za a karɓa. Shugaba ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

Na ɗauka Inna za ta sha ƙamshi, ko ta ce ai na faɗa. Da ni ce, sai an toshe kunne. Sai ta ciro wayar daga jaka ta ajiye a tsakiyar tebur, da robarta da komai.

"Yanzu saura laifina," in ji ta. "Shekara tara sunan ƙungiyar nan yana rataye a wuyan tsohuwa ɗaya da waya mai roba. Na faɗa sau ɗaya, ba ku ji ba, sai na yi shiru na ci gaba da abina, har na fara jin daɗin ni kaɗai na sani. Wannan ba tsaro ba ne. Da na mutu ranar Lahadi, wa zai yi kiran Litinin?"

Ta zaro takarda da ta buga a shagon kwamfuta na unguwarsu, ta karanta. A rubuta sunan ƙungiya a matsayin mai sunan, ba na Injiniya ba, ba na kowa ba. A buɗe imel na ƙungiya don wannan kaɗai. A sa wa sunan kulle a wurin kamfanin rajista yadda ba zai motsa ba sai an buɗe da gangan. A sabunta shi na shekaru da yawa gaba, a rubuta ranar ƙarewarsa a bango inda kowa zai gani. Kalmar sirri tana hannun mutum biyu, waya tana hannun na uku, kuma ba mai miƙa wa wani komai sai kwamiti ya zauna. Duk wasiƙar da ta zo tana cewa sunanku zai mutu gobe, ku danna nan, kada a danna, a shiga asusun da hannu a duba.

Injiniya ya ce duk ana iya yi kafin la'asar. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a kwamiti ta ce, "To me ya hana a yi tun shekara tara?" Ya ce ba wanda ya tambaya. Inna ta dube shi ta saman tabarau, ya gyara ya ce mutum ɗaya ta tambaya.

Shugaba bai iya ba da haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Washegari da Inna ta hau matakala ta tarar da makullanta a kan tebur, an sake musu sabuwar igiya, shi kuma yana tsaye da kansa yana haɗa mata shayi. Ya zuba sukari cokali uku, ita da ba ta shan sukari. Ta shanye tas.

Ta ƙara shekara uku tare da mu, sannan gwiwa ta ce ba ta yarda da matakala ba. 'Yarta ta ɗauke ta zuwa garin da take aure, tafiyar awa huɗu. Ranar da za ta tafi ta damƙa mini Kaka a gaban kwamiti, ta sa na sa hannu. Na ce, "To ni wa zan riƙa kira?" Ta ce, "Ki nemi wanda ba ya gajiya da surutunki." Sai na riƙa kiranta. Duk Litinin, kafin shayi. "Kin tashi lafiya, Inna? Layin nake motsawa." Ita kuma ta ce, "An duba bango?" In ce an duba, saura shekara kaza.

Wata Litinin, bayan fiye da shekara, na kira wayarta a kashe. Na sake kira, a kashe. Na kira 'yarta da wayar hannuna, ta ce Inna ta fita tun safe karɓo sabon tabarau, wataƙila caji ne ya ƙare. Na ce to, amma raina bai kwanta ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya saƙo ya faɗo kwamfutata ta shafinmu, daga wata ma'aikaciyar jinya a wancan garin. Ta rubuta cewa wani direba ya kawo musu dattijuwa da ta faɗi a tashar mota tana aman jini, ba ta cikin hayyacinta, wayarta ta fashe, ba su san danginta ba. Suna buƙatar jini da gaggawa, rukuninta kuma ba su da shi. A jakarta sun samu wani tsohon katin mai ba da jini, ya naɗe har lambar wayar da ke jiki ta goge a kan lanƙwasar, sunan shafin kaɗai ake iya karantawa. Ta ce ta gwada ne kawai, ba ta zaci yana aiki ba har yanzu. Ta haɗo hoton katin. Bugun farko ne, na shekara goma sha uku da suka wuce, mai lamba bakwai.

Na san mai lamba bakwai. Na yi ihu har mai katifa ya hauro da gudu.

Muna da mutum goma sha huɗu masu wannan rukunin a garin. Na kira 'yarta na faɗa mata asibitin, sannan na fara bin jerin. Na uku da na kira wata malamar makaranta ce, ta ce tana aji amma ga ta nan. Na biyar makanike ne, ya ce bari ya wanke hannu. Kafin awa ɗaya su biyu suna kwance ana ɗibar jininsu. Shugaba, wanda shi ma rukuninsu ɗaya da Inna, bai tsaya jin an samu ba. Ya ɗauki makullin mota ya ce in shiga. A hanya ya ce, "Da ta karanta wa Mai Kwat lambar sirrin nan fa?"

Gyambon ciki ne ya fashe mata, in ji likita, kuma an kawo jinin a kan lokaci. Sai washegari da rana ta buɗe ido sosai. 'Yarta na gefe ɗaya, ni ina ɗaya gefen, Shugaba yana bakin ƙofa da auduga manne a hannu, don sai da ya matsa aka ɗebi nasa aka ajiye wa wani. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na sunkuya na ba ta labarin katin da ma'aikaciyar jinyar da malamar da makaniken, ina yi ina share hanci. Ta saurara har ƙarshe, yadda take karanta takarda.

Sannan ta motsa baki, na kai kunnena.

"Uwar Baki, jiya Litinin. Kin ce ban ɗauka ba."

"Ba ki ɗauka ba, Inna."

"To kiran bai shiga ba ke nan. Ina wayar?"

Tana cikin jakata, ban ma san lokacin da na jefa ta ba. Na ciro ta, na gyara robar, na kira 'yarta da ke zaune taku uku da ni. Ta ɗauka tana dariya tana hawaye. Inna ta sa ido a kan agogon bangon ɗakin, sai da minti ɗaya ya cika ta ce in kashe.